Haƙƙin Ma'aikaci: A Gama Magana Tun Ran Ɗauka

Wannan ita ce laccar da ɗaya daga cikin dattawan Jam'iyyarmu ya yi a filin makarantar Islamiyya bayan sallar La'asar, a taron da muka yi nan Kumasi saboda Ranar Ma'aikata. Mutane da yawa sun roƙa a buga ta, don waɗanda ba su sami zuwa ba su karanta, su kuma karanta wa na gida. Ga ta kamar yadda ya faɗa.

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Malam Shugaba, limamanmu, sarakunan zango, iyayenmu mata, samari da 'yammata, ina yi muku barka da zuwa. An ce in yi magana a kan wahalar ma'aikata. Ni ba lauya ba ne, ba ni kuma cikin shugabannin ƙungiyar ƙwadago. Abin da ya sa aka zaɓe ni, ina tsammani, shi ne na daɗe ina zama cikin masu sasanta mutane a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i, kunnena ya sha kuka iri iri.

Kukan da mu ke ji

Ga direba ya zo, ya ce mai mota ya yanka masa kuɗin da zai kawo kowace rana, ko motar ta kwana gun makaniki ba ruwansa. Ga karen mota, ya ce shi ba shi da albashi sam, sai abin da direba ya ga dama da yamma. Ga mai gadi, yana tsaye tun magariba har hantsi, kwana bakwai a mako, wata ya mutu har wani ya kai goma ba a biya shi ba. Ga birkila da leburorinsa, sun gama gini, ɗan kwangila ya ce mai gida bai biya ba tukuna, mai gida kuwa ya rantse ya biya. Ga yaron shago a Kejetia, kwalba ɗaya ta fashe an cire masa kuɗin uku. Ga yarinyar da aka ɗauko daga arewa don aikin gida, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, kuɗinta kuwa wai ana ajiye mata. Ga malamin makarantar Islamiyya, wata uku yana jiran albashi, in ya yi magana a ce ai aikin Allah ne. Ga kuma wanda ubangidansa ya hana shi zuwa Juma'a.

To, duk wanda ya kawo irin wannan kuka, tambaya ɗaya na kan fara yi masa. Na kan ce, "Ran da aka ɗauke ka, nawa kuka yi?" Jama'a, mafi yawansu sai su sunkuyar da kai. Wani ya ce, "Ai Alhaji cewa ya yi ba za mu ɓata ba." Wani ya ce, "Ƙanen babana ne, yaya zan yi ciniki da shi?" Wani ya ce, "Na ji kunya." In kuwa na ce ina shaida, ina takarda, sai a yi shiru.

Saboda haka abin da na zo faɗa yau guda ɗaya ne. Rigimar da ke tashi ran biya, yawancinta tun ran ɗauka aka shuka ta. Mun mai da kunya ta zama hanyar cin haƙƙin juna. Maganinta shi ne a gama magana tun da fari, a gaban shaidu, a rubuta.

Kwanan baya wani tsoho ya zo mana, ya yi shekaru masu yawa yana gadin wani sito. Ƙafa ta kama shi, ya kwanta mako biyu. Da ya koma sai ya tarar an sa wani yaro a gurbinsa. Muka aika aka kira mai siton, mutumin da mu ke sahu ɗaya da shi. Ya ce shi bai taɓa ɗaukar tsohon nan aiki ba, taimakonsa kawai ya ke yi saboda Allah. Tsoho ya ce yana binsa wata huɗu, shi ya ce wata ɗaya ne. Babu takarda, babu shaida, wanda ya haɗa su kuma ya rasu. Muka yi ta lallashi har muka karɓo masa na wata biyu. Ya karɓa, ya yi godiya, amma na ga hawaye a idonsa. Daren nan ban yi barci ba.

Abin da addini ya ce

Wasu na zaton tambayar lada rashin tawakkali ne, ko rashin ladabi. Ba haka addininmu ya koyar ba. Malamai na nan zaune, in na yi kuskure su gyara mini. A littattafan fiƙihun Malikiyya da a ke karantawa a zaurukanmu, ijara, watau ɗaukar mutum aiki da lada, ba ta inganta sai an san ladan, an kuma san aikin ko tsawon lokacinsa. "Ba za mu ɓata ba" ba lada ba ne.

Ku dubi labarin Annabi Musa cikin Suratul Ƙasas. Sa'ad da ya isa Madyana baƙo ne, ba shi da ko abincin dare. Duk da haka dattijon da ya ɗauke shi kiwo bai ce masa "zauna mu gani" ba. Ya faɗi shekaru, takwas, in ya cika goma ganin damarsa ne. Ya faɗi sakamako. Ya yi alkawarin ba zai tsananta masa ba. Annabi Musa ya amsa, suka sa Allah shaida. In Annabin Allah da surukinsa sun gama magana tun da fari, wane ne ni da zan ce kunya ta hana ni?

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu. Ladan ma'aikaci kuwa, tun daga sa'ar da ya yi aikin har ran da za a biya shi, bashi ne a wuyan mai aiki. Akwai hadisi cikin Ibn Majah da ya yi umurni a gaggauta biyan ɗan ƙwadago tun gumi na jikinsa. Akwai kuma wanda ya fi shi ban tsoro cikin Buhari, inda aka lissafa mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ran ƙiyama, ɗayansu shi ne wanda ya sa mutum aiki, aka yi masa cikakke, ya hana lada. Wanda Allah ne abokin shari'arsa, wane lauya zai ɗauka?

Abin da iyayenmu suka gani

Mu mutanen zango ƙwadago da fatauci suka tara mu a ƙasar nan. Kakanninmu sun ɗauki goro a ka daga Salaga. Sun shiga ramin zinariya a Obuasi da Tarkwa. Sun yi dako a tashar jiragen ruwa ta Takoradi tun da aka buɗe ta a 1928. Sun yi aikin gonakin koko. A gonar koko kuwa akwai abin koyi. Tsarin da Asantawa ke kira abusa, kowa ya san shi: in an sayar da koko a raba uku, mai kula da gona ya ɗauki kashi ɗaya. Ba a rubuce ya ke ba a da, amma gari duka shaida ne, shi ya sa mai gona ba ya iya musu cikin sauƙi. Sharaɗi sananne shi ne garkuwar talaka.

Ku dubi kuma abin da ya faru inda sharaɗi ya tsaya a baki. Sojojin ƙasar nan sun yi yaƙi har Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, da yawansu 'yan arewa ne da 'yan zango. Suka dawo suka tarar alkawaran da aka yi musu na aiki da kuɗin sallama ba su cika ba. Ran 28 ga Fabrairu 1948 suka yi jerin gwano a Ankara, babban birninmu, za su kai wa Gwamna takardar kuka. Aka harbe uku daga cikinsu, Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta samun mulkin kai a 1957.

Bayan mulkin kai ma, a 1961, gwamnati ta sa dokar ajiyar dole, ana cire kashi 5 cikin 100 daga albashi ba tare da an shawarci masu albashin ba. A watan Satumba na shekarar ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar ruwa a Sekondi da Takoradi suka yi yajin aiki fiye da mako biyu, matan kasuwa na kai musu abinci. Ashe ko gwamnati ce ta taɓa ladan mutum ba da yardarsa ba, sai an ji a jika.

Na ukun kuwa ya fi kusa da mu. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasa. Tsofaffinmu da ke nan sun ga motocin da suka tashi daga zangon nan. Mutane suka bar gidaje da rumfuna da bashin da su ke bi, har da waɗanda a nan aka haife su. Me ya raba wanda ya zauna da wanda ya tafi? Takarda. Al'ummar da ta ga wannan da idonta ba ta kamata ta yi wasa da takarda ba.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Yanzu bari in faɗa muku kaɗan daga cikin Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, don mutum ba ya neman haƙƙin da bai san yana da shi ba.

Na ɗaya, duk aikin da zai kai wata 6 ko fiye, wajibi ne a rubuta yarjejeniyarsa. Wanda kuma aka ɗauka na wucin gadi, in ya yi wata 6 a jere gun mutum ɗaya, doka na ɗaukarsa kamar ma'aikaci na dindindin.

Na biyu, lokacin aiki sa'a 8 ne a rana, ko sa'a 40 a mako. Abin da ya ɗara haka ƙarin lokaci ne, yana da nasa kuɗi.

Na uku, wanda ya cika shekara yana aiki yana da hutun da bai gaza kwanakin aiki 15 ba, da cikakken albashi. Mace in ta haihu tana da hutun da bai gaza mako 12 ba, ita ma da albashinta.

Na huɗu, mai aiki ba shi da ikon cin ma'aikaci tara. Cire kuɗi daga albashi kuwa sai a kan abubuwan da doka ta lissafa, ba yadda ransa ya so ba.

Na biyar, ba a sallamar mutum haka kawai da rana tsaka. In yarjejeniyar ta shekara 3 ce ko fiye, a ba shi notis na wata guda ko kuɗin wata guda. In ba ta kai ba, mako 2. In ta mako mako ce, kwana 7. Korar mutum don addininsa, ko ƙabilarsa, ko don ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ko don mace ta yi ciki, ko don ciwo na ɗan lokaci da likita ya shaida, doka ta kira shi korar zalunci. Dokar nan ce kuma ta kafa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, inda a ke kai irin wannan ƙara. Tsohon nan mai gadi, da yana da takardar ɗauka da ta likita, da ba roƙo muka yi masa ba.

Ban da wannan doka akwai waɗansu. A kan yanka mafi ƙanƙantar ladan yini: a 2024 sidi 18 da pesewa 15 ne, a 2025 aka mai da shi sidi 19 da pesewa 97, watau kamar sidi 539 in an lissafa kwana 27. Kowa ya san wannan ba ya riƙe gida, amma akwai 'ya'yanmu da ko shi ba su samu. Akwai dokar diyya ta 1987 ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. A 2020 an yi ƙa'idodi na musamman don masu aikin gida, su ma an ce a rubuta musu yarjejeniya. Dokar Yara ta 1998 kuma ta ce ba a sa yaro koyon sana'a gun maigida sai ya kai shekara 15 ko ya gama karatun farko na tilas.

Sai maganar fansho, wadda samari ba su son ji. Bisa dokar 2008, a kan cire kashi 5 da rabi cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 13 daga aljihunsa. In albashinka sidi 1,000 ne, naka 55, nasa 130, jimla 185 kowane wata. Sai an zuba maka na wata 180, watau shekara 15, kafin ka cancanci fanshon wata wata in ka kai shekara 60. Akwai masu cirewa ba su kai ba. Kada ka jira sai furfura ta fito. Ka ɗauki katinka na ɗan ƙasa ka tafi ofishin SSNIT, ka ce a nuna maka lissafinka.

Zuwa ga masu ɗaukar aiki

Alhazai da Hajiyoyi, ku yi mini gafara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun saba in ana zancen zaluntar ma'aikata sai mu nuna manyan kamfanoni da baƙin 'yan kasuwa. Lalle akwai nasu laifi. Amma ƙarar da ke zuwa ƙofar masallacinmu, mafi yawa tsakaninmu ne, Musulmi da Musulmi, sau da yawa ma dangi da dangi. Mutum ya yanka babban rago da Layya, yaron shagonsa na binsa wata biyu. Mutum ya sake komawa Umra, direbansa bai biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta ba. Sadaka nafila ce, biyan lada farilla ne. Ba a barin farilla a kama nafila.

Kada ka ce, "Ai ɗana ne, a gidana ya ke ci." In ɗanka ne, ka sanya masa ranar da za ka sallame shi da jari, ka faɗa a gaban mutane. In ma'aikaci ne, ka yanka masa albashi. Amma ya zama ɗa ran biya, ya zama bara ran aiki, wannan ba zumunci ba ne. Masu garejin Magazine da teloli da kafintoci, yaron da aka kawo muku koyo ku faɗi shekarun da zai yi, ku kuwa koya masa sana'ar, kada ya ƙare a wankin mota da aiken gida. In ciniki ya tsaya ba ka iya biya, kira ma'aikacinka ka gaya masa gaskiya, ka sa rana. Abin da ke ƙona rai shi ne "je ka dawo gobe". Ka kuma lura da helman da ka ɗora a kan mutane, gama sau da yawa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mu kanmu 'yan kwamitin makaranta, mu fara da malamanmu. Aikin Allah ne, gaskiya, amma mai shinkafa ba ya karɓar wannan a kasuwa.

Zuwa ga ma'aikata

Ku kuma 'ya'yana, kada ku ce yau tsoho ya tsaya mana. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Direban da ke zuƙe mai ya sayar, da birkilan da ke rage siminti, da yaron shagon da ke ƙara kuɗi ya soke a aljihu, da mai zuwa ƙarfe tara an ce bakwai, duk sun ci amana. Suratul Muɗaffifina ta yi narko ga masu tauye mudu, waɗanda in za su karɓa su cika, in za su bayar su rage. Wannan ya hau kan mai rage lada, ya kuma hau kan mai rage aiki. Kada kuma a mai da salla mafakar lalaci. Sallar Azahar ba ta cin sa'a biyu.

Ran da za a ɗauke ka, ka gaida mutum da ladabi, sa'an nan ka tambayi abu biyar. Mene ne aikina? Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa? Nawa ne ladana, wace rana a ke biya? Wace rana ce hutuna, yaya kuma za mu yi da Juma'a? In ɗayanmu zai rabu da ɗaya, notis na kwana nawa? Maganar Juma'a tun ran nan a ke yinta, ka ce za ka rama lokacin, ba sai liman ya hau mumbari ka fara gardama da manaja ba. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta ranakun da ka yi aiki da abin da aka ba ka. In ta waya aka aiko maka da kuɗi, kada ka share saƙon, shaida ne. In akwai ƙungiya a wurin aikinku, ka shiga, ka riƙa zuwa taro. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Roƙona ga Jam'iyya

Malam Shugaba, don kada maganar nan ta bi iska, ina roƙon abu uku. Na farko, Jam'iyya ta buga takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, mai ɗauke da tambayoyin nan biyar da gurbin sa hannun shaidu biyu, a ajiye ta gun Magatakarda da limaman unguwanni, kowa ya karɓa kyauta. In takardar ta masallaci ce, yaro ba zai ji kunyar miƙa ta ba, babba kuma ba zai ce an raina shi ba. Na biyu, a naɗa mutum biyar masu sasantawa, a sa malami, da ɗan kasuwa, da ma'aikaci, da mace, da ɗaya cikin 'ya'yanmu da suka karanta doka. Abin da ya gagare su, su raka mai ƙara Ofishin Leba ko Hukumar Ƙwadago, kada a ce masa ya bar wa Allah alhali akwai hanya. Na uku, iyayenmu mata su ɗauki nauyin 'yammatan nan masu aikin gida da masu dakon kaya a kasuwa. A san sunan kowace, da garinsu, da wanda ke riƙe da kuɗinta, da ko nawa ne.

Na san wani zai ce takarda na kashe zumunci. Ni dai a zaman da na yi ƙofar masallaci ban taɓa ganin zumuncin da takarda ta kashe ba. Amma na ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa saboda "ba za mu ɓata ba".

Wanda ya san ana binsa lada, kada ya kwana da shi yau in yana da hali. Wanda za a ɗauka aiki gobe, ya buɗe baki ya tambaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ku yafe mini. Allah ya sa albarka cikin neman kowa, ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna tun muna numfashi, ya jiƙan iyayenmu da suka sha rana don mu sami inuwa, ya zaunar da ƙasarmu Gana lafiya. Amin.